Ranar Fitowar Wasannin Ban Tsoro: Wa Ke Tsayar da Ita, Kuma Yaushe Take Isowa Suleja?

A gidajen gem na Suleja, daga na cikin gari har na Madalla da Kwamba, ƙwallo ce ke mulki. Yaro ya biya kuɗinsa, ya ɗauki fad, ya zaɓi Madrid ko Barcelona, kafin minti goma an tashi wani ya zauna. Sai dai akwai wani rukunin matasa, ba su kai 'yan ƙwallo yawa ba, da ke bibiyar wasannin ban tsoro irin su Resident Evil da Silent Hill, kuma a tsakaninsu ake yawan gardama kan tambaya ɗaya: sabon wasan ya fito ko bai fito ba? Wani ya ga bidiyo a TikTok ya rantse an saki, alhali saura wata takwas. Wani ya biya mai turi a sa masa a waya, ya je gida ya tarar tsohon wasa ne aka sauya wa suna da hoto. Da yawa kuma sun ɗauka duk wasan tsoro a Oktoba yake fitowa, saboda bikin Halowin da Turawa ke yi ranar 31 ga watan.

Duk wannan ruɗani daga wuri ɗaya ya taso. Kamfanonin da ke ƙera wasannin suna da kalandarsu, wadda lissafin kuɗi da gudun cunkoson kasuwa suka tsara, kuma ba su sa mai saye na Najeriya a cikin lissafin ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Gem dai shi ne wasan da ake bugawa a na'ura irin su PlayStation da Xbox, ko a kwamfuta, ko a waya. Jerin wasa kuwa shi ne wasanni da yawa masu suna ɗaya da labari mai haɗe da juna, kamar yadda fim mai dogon zango ke fitowa kashi-kashi.

Kafin wasa ya shiga hannun jama'a yana bin matakai, kuma kowane mataki da sunansa. Da farko akwai sanarwa, wato kamfani ya faɗa cewa yana aikin wasa kaza. Sai tirela, gajeren bidiyon talla, wanda kallonsa kawai ake yi, ba a buga shi. Sai demo, ɗan yanki na wasan da ake bayarwa kyauta don ɗanɗano. Sai firi-oda, wato biyan kuɗin kafin alƙalami tun wasan bai fito ba. Ranar saki ita ce ta ƙarshe. Mafi yawan masu cewa "ya fito" tirela suka gani, ko wani ɗan YouTube yana buga demo.

Akwai wasu kalmomi uku da ke ƙara rikita mutane. Rimek shi ne a ɗauko tsohon wasa a sake gina shi daga tushe da sabuwar fasaha. Rimasta kuwa goge tsohon ne kawai, a ƙara wa hotonsa haske. DLC ƙarin labari ne ko kaya da ake saukewa bayan wasan ya fito, yawanci da kuɗinsa daban. Saboda haka idan aka ce Resident Evil 4, sai a tambaya wanne: na 2005 ko rimek ɗin 2023? Suna ɗaya ne, amma wanda ke tafiya a tsohuwar PlayStation 2 ba shi ne rimek ɗin ba. A wannan giɓin ne ake cin kuɗin marasa sani.

Asalin manyan jerin biyu

Kamfanin Capcom da ke birnin Osaka a Japan shi ya fitar da Resident Evil na farko a Maris 1996, a kan PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. A Japan sunansa Biohazard. Labarinsa na wata cuta ce da wani kamfanin magunguna ya ƙirƙira, wadda ke mayar da mutane gawarwaki masu tafiya. Zuwa yanzu jerin ya sayar da kwafi sama da miliyan 150. Silent Hill ya biyo baya a 1999 daga Konami, kamfanin da matasan Suleja suka fi sani da wasan ƙwallon PES. Nasa tsoron na hazo ne da shiru da damuwar zuciya, ba na harbe-harbe ba.

Oktoba ba ita ce kakar ba

A duba ranakun da Capcom ya saki manyan wasannin Resident Evil a shekarun baya-bayan nan. Resident Evil 7 ya fito ranar 24 ga Janairu 2017. Rimek ɗin Resident Evil 2, wato rimek na biyu, 25 ga Janairu 2019. Rimek na uku, 3 ga Afrilu 2020, kwanaki kaɗan bayan an kulle Abuja saboda korona. Resident Evil Village, 7 ga Mayu 2021. Rimek na huɗu, 24 ga Maris 2023. Resident Evil Requiem kuma aka sa masa 27 ga Fabrairu 2026. Wasanni shida ke nan, babu ko ɗaya a Oktoba.

Dalili na farko na littafin akawu ne. Shekarar kuɗi ta Capcom, kamar ta yawancin kamfanonin Japan, tana ƙarewa ranar 31 ga Maris. Wasan da ya fito tsakanin Janairu da Maris cinikinsa na makonnin farko, wanda shi ne mafi tsoka, yana shiga rahoton da za a kai wa masu hannun jari. Huɗu daga cikin shidan nan a wannan tsakanin suka faɗo. Sauran biyun sun buɗe sabuwar shekara ne da ƙarfi.

Na biyu shi ne gudun manyan giwaye. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba kasuwar wasanni cike take. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, yawanci a ƙarshen Satumba yake fitowa kowace shekara. Call of Duty na biye da shi a Oktoba ko Nuwamba. Aljihun mai saye ɗaya ne, shafukan 'yan jarida ma suna da iyaka. Wasan tsoro, wanda masu sonsa ba su kai na ƙwallo ko na yaƙi yawa ba, idan ya shiga wannan turmutsitsin sai a tattake shi. A Janairu da Fabrairu kuwa fili a share yake, ga mutanen Turai da Amurka da sababbin na'urorin da suka samu a Kirsimeti, ga sanyi ya tsare su a gida.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne Alan Wake 2. An sa masa 17 ga Oktoba 2023, sai masu shi suka matsar da shi zuwa 27 ga watan, suka kuma faɗa ƙarara cewa watan ya cika da manyan wasanni. Spider-Man 2 ranar 20 ya fito. Ko wasan da ya zaɓi Oktoba ma sai da ya kauce wa na gabansa.

Wannan ba ya nufin Halowin ba ta da tasiri. Konami ya saki rimek na Silent Hill 2, wanda kamfanin Bloober Team na Folan ya gina, ranar 8 ga Oktoba 2024, sannan Silent Hill f ranar 25 ga Satumba 2025. Jerin da ya daɗe a kwance yana buƙatar hayaniyar lokacin don ya farfaɗo. Capcom shi ma yana cin kasuwar Oktoba, amma da wani kaya daban: rangwame kan tsofaffin wasanni, da ƙarin labarin Village da ya fito 28 ga Oktoba 2022, da Village na iPhone a 30 ga Oktoba 2023. Sabo a farkon shekara, tsoho a Oktoba, ciniki biyu ke nan a wasa ɗaya. A Japan ɗin kanta ma, al'adar labaran fatalwa ta lokacin zafi ce, wajen Agusta, lokacin bikin Obon da ake tuna magabata.

Yadda ake tallar tsoro

Tallar wasan tsoro tana da matsalar da ta ƙwallo ba ta da ita. Idan ka nuna dodon tun a talla, ka kashe tsoron. Idan ba ka nuna komai ba, ba wanda zai zaro kuɗinsa. Duk dabarun da ake gani ƙoƙari ne na bi ta tsakiya.

Wadda aka fi tunawa ita ce ta P.T. A Agusta 2014, lokacin baje kolin Gamescom a Jamus, wani ɗan ƙaramin wasa kyauta ya bayyana a shagon PlayStation da sunan wani kamfani da ba wanda ya taɓa ji, 7780s Studio. Ba komai a cikinsa sai lungun wani gida mai lanƙwasa ɗaya. Ka bi lungun, ka wuce agogo da hotunan iyali da rediyo mai karanta labarin kisa, ka buɗe ƙofar ƙarshe, sai ka tsinci kanka a farkon lungun, amma wani abu ya sauya: ƙofar banɗaki ta ɗan buɗe, ko fitila ta koma ja. Wanda ya warware shi har ƙarshe ne ya ga cewa tallar sabon Silent Hill ce, wanda mai ƙera wasanni Hideo Kojima da daraktan fim Guillermo del Toro za su yi. Cikin sa'o'i labarin ya zagaye duniya, 'yan wasa da kansu suka yi wa Konami talla. Amma a Afrilu 2015 aka soke aikin, aka kuma cire P.T. daga shagon, har na'urorin da ke ɗauke da shi suka yi tsada a kasuwar na hannu. Talla ta yi nasara, kayan bai taɓa fitowa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sanarwa ba alkawari ba ce.

Capcom ya ɗauki darasin ya gyara. A Yuni 2016 ya sanar da Resident Evil 7 a taron E3, a daren ya saki demo, ya kuma faɗi ranar saki, wata bakwai kacal a gaba. A 2019 demon rimek na biyu minti 30 ne, kuma sau ɗaya ake bugawa. Lokaci na cika ya rufe. Ƙarancin ne ya sa kowa ke son ya ɗanɗana. Taƙaita tazara tsakanin sanarwa da saki ya zama ɗabi'ar kamfanin: rimek na uku wata huɗu, rimek na huɗu wata tara, Requiem kusan wata tara.

Wata dabarar ita ce a ba jama'a fuska ɗaya su riƙe. A tallar Village an fito da wata mata mai farar riga da faffaɗar hula, Lady Dimitrescu, wadda kamfanin ya ce tsayinta mita 2.9. Hotonta ya mamaye intanet watanni kafin wasan. Da ya fito sai aka ga a kashin farko kawai take. Wasu sun ji an yaudare su, amma sauran dodannin sun zo wa mai wasa ba zato, abin da ake nema ke nan.

Sai masu buga wasa a gaban kyamara. Five Nights at Freddy's, wanda mutum ɗaya, Scott Cawthon, ya ƙera a Agusta 2014, ba shi da kuɗin talla. Ihun da 'yan YouTube irin su Markiplier ke yi idan sun firgita shi ya sayar da shi. Cawthon kuma bai bar ƙarfen ya huce ba: na biyu a Nuwamba 2014, na uku a Maris 2015, na huɗu a Yuli 2015. Wasanni huɗu cikin shekara guda.

Ba kowace talla ce ke ƙarewa lafiya ba. Tirelar Resident Evil 5 ta 2007 ta nuna Bature yana harbin baƙaƙen fata masu cutar a wani ƙagaggen gari na Afirka, abin da ya jawo zargin wariyar launin fata tun kafin wasan ya fito a Maris 2009. A 2012 kuma, don tallar na shida, an buɗe rumfar nama a kasuwar Smithfield ta Landan inda aka sarrafa naman dabba ya yi kama da hannu da ƙafar mutum. A can abin dariya ne da ɗaukar hoto. Ba sai an faɗi yadda za a kwashe ba da a Kasuwar IBB ta Suleja aka gwada shi.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu harkar ba su haɗu kan ko 'yan YouTube alheri ne ba. Masu goyon baya na cewa talla ce ta kyauta da ke kaiwa inda allon talla ba ya kaiwa. Masu adawa na cewa wasan tsoro labari ne da ake ci sau ɗaya. Wanda ya kalle shi daga farko har ƙarshe ba shi da dalilin saye. A wurinmu hujja ta biyu ba ta da ƙarfi sosai, domin mafi yawan masu kallon nan dama ba su da na'urar da za su buga shi. Kallon ne ya sa suka san sunan.

Akwai kuma saɓani kan yawan tsoron. Wani furodusan Village ya faɗa a 2021 cewa sun samu koke daga masu cewa na bakwai ya yi ban tsoro har sun kasa bugawa, don haka suka sassauta. Tsofaffin masoya na ganin wannan sayar da asali ne don neman kasuwa. Na shida, wanda ya fi kowanne karkata ga harbi da fashe-fashe, ya sayu sosai amma ya sha suka, kuma sukar ce ta sa aka koma ga tsoro zalla a 2017. Haka jerin ke lilo tsakanin biyun, kuma babu alamar zai tsaya.

Rimek ma ana ja a kansa. Wasu na ganin tatsar tsohuwar saniya ce, wasu na ganin ita ce hanyar da yaron da aka haifa bayan 2005 zai san labarin. Ta fuskar kasuwa dai amfaninsa a fili yake: yana cike shekarun da ke tsakanin sababbin wasanni, kuma sunan ya riga ya tallata kansa. Rimek na huɗu ya sayar da kwafi miliyan 3 cikin kwana biyu.

Firi-oda ce ba ta da masu kare ta da yawa a cikin 'yan wasa. Tun bayan Cyberpunk 2077, wanda ya fito a Disamba 2020 cike da matsaloli har Sony ya cire shi daga shagonsa, shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a jira a ji daga bakin waɗanda suka buga.

Kannywood ta san wannan karatun

Babu baƙon abu a nan ga mai bin finafinan Hausa. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano na jera tallar finafinai masu zuwa a farkon kowane kaset, a kuma saki waƙar fim ta zaga gari kafin fim ɗin. Babban fim Sallah ake ajiye wa, da azumi kuwa kasuwa ta lafa. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna yanke zango a daidai inda mai kallo ya ƙagu. A Kudu, Disamba ce kakar sinima. A Tribe Called Judah na Funke Akindele da ya fito a Disamba 2023 shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima. Rimek ma sun yi: Nneka the Pretty Serpent na 1994 an sake shi a 2020. Duk wanda zai ƙera wasan aljanu ko na mayu don matasan Arewa, kalandar da za ta amfane shi ita ce ta Sallah, da hutun makaranta, da ƙarshen wata lokacin da ma'aikatan da ke kwana a Suleja su yi aiki a Abuja suka ji alat.

Ranar Suleja daban take

Sabon babban wasa dala 60 zuwa 70 ne. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yuni 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan farashin dala 70 ta kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yuli 2024 naira 70,000 ne. Shagon PlayStation ba shi da reshen Najeriya, shi ya sa masu saye ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila su sayi katin kuɗi daga 'yan kasuwa, da ribarsu a kai. Bayan an biya sai saukewa, gigabait 50 ko fiye, ga kuɗin data da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, ga wuta da ba ta da tabbas.

Mai gidan gem ma lissafinsa bai ba shi ya saya ba. Wasan ƙwallo mutum biyu ne a minti goma. Wasan tsoro mutum ɗaya ne zai riƙe talabijin sa'o'i, janareta na shan mai, kuma yana son duhu da shiru, abubuwan da gidan gem ba shi da su.

Don haka ranar da wasa ke isowa Suleja da gaske ita ce ranar da faifansa na hannu ya sauka a shagunan Banex Plaza a Abuja ko ya taso daga Legas, ko ranar da rangwame ya karya farashin. Abin kamar sabuwar doya ne: wanda ya matsu ya ci ta farkon fitowa shi ke biyan tsada, mai haƙuri ya same ta a rabin kuɗi. Kuma wannan jiran ba ya saɓa wa tsarin kamfanin. Capcom na bayyana a rahotanninsa cewa yawancin kwafin da yake sayarwa a shekara tsofaffin wasanni ne da aka rage wa farashi. Resident Evil 7 bai kai abin da aka yi masa hasashe a watanninsa na farko ba, amma a 2021 ya haura kwafi miliyan 10.

Game da waya, da dama daga cikin manyan wasannin Resident Evil na baya-bayan nan an fitar da su a iPhone 15 Pro da waɗanda suka biyo ta. Duk fayil ɗin da aka ce Village ne ko rimek na huɗu na Android, ko dai tsohon wasa ne da aka yi wa kwaskwarima, ko manhaja ce mai satar bayanai, kuma a wayar da ake hulɗar banki da ita wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Iyaye kuma su san cewa a bayan kwalin waɗannan wasanni akwai alamar shekaru: harafin M a tsarin Amurka, wato 17 zuwa sama, ko lamba 18 a tsarin Turai. Tirela da bidiyon TikTok ba sa tambayar shekarun mai kallo, kuma ta nan yara suka fi cin karo da su.

Abin da ke tafe

Babban sauyin da zai taɓa mai saye na nan shi ne ɓacewar faifai. Tun 2020 ake sayar da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da wurin sa faifai. Alan Wake 2 ta intanet kaɗai aka fara sayar da shi, sai daga baya aka buga faifansa. Wasan da aka saya ta intanet a maƙale yake da asusun mai shi. Ba a sayar da shi na hannu, ba a musanya shi da na aboki. Idan wannan ya zama ruwan dare, hanyar da ta fi kawo wasanni Suleja za ta tsuke, ya rage sai jiran rangwamen ƙarshen Oktoba da na Nuwamba, wanda shi ma da dala ake biya.